Yadda Ake Hana Gilashin Zum Sulalewa In An Kifa Kyamara

Ganye 64 na ɗauka kafin abin ya fito fili, kuma ba ni na gano ba, Baffa ne.

Littafin na kakanmu ne, rubutun hannu, Larabci a tsakiya, ajami a gefe-gefe inda ya riƙa yi wa ɗalibai bayani. Ganyayyakin ba a ɗinke suke ba, a jere suke cikin tadarishi, tadarishin kuma a cikin gafaka. Tun rasuwar kakan littafin yake hannun Baffa, shi ya aiko a kira ni in ɗauke shi a hoto kafin gara da laima su ƙarasa abin da suka fara. Na je da hantsi, na kafa ƙafa-uku a zaure kusa da ƙofa inda haske ke shigowa, na kifa kyamara tana kallon ƙasa, na shimfiɗa baƙin yadi. Na murza zoben zum na tsayar a kan milimita 50, wato lambar jikin gilashi da in ta ƙaru hoto ke matsowa, ganye ya shiga cif, da rarar kamar yatsa guda ta kowane gefe. Daga nan ban ƙara leƙa kyamarar ba, don ba na son ko taɓa ta ta girgiza. Baffa na ɗaga ganye yana ajiyewa, ni ina latsa wayar ɗauka daga inda nake zaune.

Da aka kira azahar na sauke kyamarar na miƙa masa ya gani. Ya kawo ta kusa da ido, ya jima yana dubawa, sannan ya ce, "Ina kalmar ƙasa?"

"Wace kalma, Baffa?"

Ya ɗauko ganyen ya ɗora yatsa a can kusurwar ƙasa. A bayan kowane ganye marubuci kan rubuta kalmar farko ta ganyen da ke biye. Littafin da ba ɗinki, ba lambar shafi, wannan 'yar kalmar ce kaɗai ke gaya maka wane ganye ke bin wane. A hotunan farko tana nan daram. Daga wajen ganye na 40 ta fara yankewa, a na ƙarshe babu ita sam, ta tafi tare da gefen bayanin ajamin. Na shiga bayanan da kyamara ke ajiyewa a jikin kowane hoto. Na farko 50, can gaba 56, can gaba 62, na ƙarshe 68. Ba wanda ya taɓa zoben. Gilashin ne da kansa ya yi ta zuro hanci kaɗan-kaɗan, awa uku cur, dattijo yana zaune a kan buzu yana juya mini takarda.

Gilashin nan ɗan gwanjo ne, mai tafiya daga 28 zuwa 200, kuma har yau da shi nake aiki. Ba lalacewa ya yi ba. Wannan shi ne abu na farko da nake so duk mai kyamara ya gane, don na ga waɗanda suka karyar da gilashi mai kyau a wulaƙance, na kuma ga waɗanda suka kai wa mai gyara aka buɗe abin da bai kamata a buɗe ba, alhali maganin yana rumfar mai faci.

A cikin gilashin zum bututu ne cikin bututu. Ɗaya daga cikinsu an tsattsaga masa hanyoyi a karkace, gilasan ciki kuma suna zaune a kan 'yan ƙananan tayoyi masu bin waɗannan hanyoyi. In ka murza zobe, bututun ya juya, tayoyin su bi karkata, hancin gilashin ya fito ko ya koma. To, hanyar nan gaba da baya take aiki: in an murza zobe hanci ya motsa, in an ja hanci zobe ya murzu. Abin da ke riƙe da komai a inda ka ajiye shi ɗan tsauri ne da aka bari tun daga masana'anta, wato giris mai kauri, da siraran ƙyallaye a bakin bututu, da matsewar su tayoyin. In kyamara na kallon gaba, nauyin hancin a kwance yake, ba ya jan komai. Da ka kifa ta, nauyin gilasan gaba, waɗanda galibi su ne mafi faɗi da nauyi, ya rataya a kan karkatattun hanyoyin nan. Ranar da nauyi ya rinjayi tsauri, sai sulalewa.

Shi ya sa abin yake ƙaruwa da shekaru. Tayoyi na cinyewa, ƙyalle na lafewa, giris na gudu daga inda aka shafa shi. Zafi ma na da hannu. Gilashina da ke zama lafiya lau da sanyin safiyar hunturu, in watan Afrilu ya kama, zafi ya doshi maki 40, ko na bar jaka a cikin mota na awa ɗaya, giris ɗin ya yi ruwa, to ko ɗan kifawa na yi sai ya taho. Duk abin da ka ƙara a hanci kuma ƙarin kaya ne: filta mai kauri, hular kare rana, gilashin ƙara girma da ake ɗaurawa a gaba. Sannan ga girgiza. A zauren Baffa abin da ya yi mini ɓarna ke nan, don kyamarata mai madubi ce a ciki, kowane ɗauka madubin sai ya buga, kowane bugu kuma ya tura hancin da abin da bai kai kaurin gashi ba.

A yawancin gilasai, in ka kifa hanci fitowa yake, hoto ya matso. In ka ɗaga sama ya noƙe, hoto ya ja baya. Akwai masu saɓa wa haka. Canon 24-70 f/2.8 na farko, wanda ya fito a 2002, a 24 yake miƙewa, a 70 yake noƙewa, ɗan 18-55 da ake sayarwa tare da kyamara kuwa sau da yawa a tsakiya ya fi gajarta. Ka murza naka daga farko zuwa ƙarshe kana kallon hancin, ka san halinsa.

Ɓarnar ba a yanke gefen hoto kaɗai ta tsaya ba, ko da yake ita ce ta fi fitowa. Lissafinta mai sauƙi ne. In a milimita 50 hotonka na cin faɗin santimita 30, to a 60 kusan 25 zai ci, ka rasa biyu da rabi ta dama, biyu da rabi ta hagu. Sai fokas. Yawancin gilasan hoto ba sa riƙe fokas in zum ya motsa, don haka in ka saita da hannu ka kashe wanda kyamara ke yi da kanta, kamar yadda ake yi a aikin takardu ko taurari, rubutu zai fara dishi-dishi ba ka sani ba. Sai haske. Gilashin da aka rubuta wa f/3.5-5.6, ƙofar haskensa ƙanƙancewa take in an miƙa shi, daga wannan ƙarshe zuwa wancan hasken da ke shiga yana raguwa da fiye da rabi. Wannan kam maganinsa a hannu yake: ka saita f/8 tun farko, kyamarar zamani za ta riƙe shi ko zum ya tafi ina.

Kafin ka yi komai, ka auna. Ɗora hular da filtar da ka saba aiki da su, ka tsayar da zobe a kan wata lamba, ka kifa kyamara sosai, ka saki zoben, ka ƙirga talatin. In bai motsa ba, ka ɗan daddaki jikin kyamarar da yatsa kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa a hankali. Ka maimaita a kowace lambar da aka rubuta a jikin zoben, sannan ka sake duka kana kallon sama. Abin da za ka tarar shi ne ba ko'ina yake sulalewa ba. Nawa a 28 da 35 ko gezau, daga 50 zuwa 135 nan ne santsinsa. Da yawa haka suke, a tsakiya suke gudu, in an noƙe su gaba ɗaya su zauna. Ka yi awon nan da rana tsaka, lokacin da gilashin ya ɗumama, kada sanyin asuba ya ruɗe ka.

Akwai gwaji na biyu, shi ne ke raba abin da za ka magance da kanka da abin da sai mai gyara. Riƙe zoben zum gam da hannu ɗaya, ka kama hancin da ɗayan ka ɗan ja a hankali, ka ɗan tura. In hancin ya ƙi motsi matuƙar zobe na riƙe, ko ya yi ɗan wasan da da ƙyar ake jin sa, lafiyarsa ƙalau, tsauri kawai ya ragu. In kuwa zobe na tsaye amma hanci na kai da komo, ko yana girgiɗi kamar haƙorin da zai fita, ko ka ji wani abu na ƙaras-ƙaras a ciki, wannan ba sulalewa ba ce. Zan dawo kanta.

Magani mafi arha shi ne hannunka na hagu. In kana ɗauka a tsaye, tafin hannu a ƙarƙashin gilashi, babban yatsa da manuni a kan zobe, ba inda za shi. Masu ɗaukar biki da ke hawa kujera su hasko amarya da ƙawayenta daga sama, wannan ya ishe su. Matsalar tana farawa ne ranar da kyamara ta hau ƙafa-uku, hannu ya bar ta.

Na biyu ko sisi ba ya ci, amma mutane kan manta da shi. Abin da ya kai ƙarshen hanya ba shi da sauran inda zai sulale. In za ka kifa kyamara, ka miƙa zum har ya tokare, sannan ka ɗaga ƙafa-uku sama har abin da kake ɗauka ya shiga. Mai 18-55 ya tsaya a 55, mai 24-70 ko 24-105 ya tsaya inda hancin ya gama fitowa, nauyi ya yi ta ja, ba abin da zai ja. Ga mai dogon zum irin nawa dabarar ba ta ci, don in na tsaya a 200 sai na rataye kyamara a azara kafin ganye ɗaya ya shiga.

Shi ya kai ni wurin mai faci a bakin titinmu. Na ce, "Malam, tsohon tiyub nake nema, wanda ka gama da shi." Ya zaro na keke. Na gwada, ya yi kaɗan ƙwarai, in aka tilasta shi zai matse zoben har ya ƙi juyawa. Na babur shi ya zauna daidai a gilashi mai kaurin santimita 7 zuwa 8, na a-daidaita-sahu kuma sai manyan nan masu kaiwa 500 ko 600. Ka je da gilashin, ko ka zagaya shi da zare ka tafi da awon. Abin da kake nema zoben roba ne da ya ɗan gaza gilashin kaɗan, yadda zai shiga da ɗan ja ba da kokawa ba.

Ka yanka tiyub ɗin a gicciye da almakashi mai kaifi, ka fitar da zobe mai faɗin kamar santimita biyu. Yanka uku ko huɗu, wani ya fi wani faɗi, don sai ka gwada za ka san wanda ya dace. Ka guji wurin da aka taɓa yin faci da kusa da bakin iska. Sannan ka wanke su da sabulu ciki da waje, ka shanya su bushe ƙarau. Kada ka tsallake wankin nan. A cikin tiyub akwai farar hoda da ake zubawa don kada roba ta manne, kuma gilashin zum duk lokacin da ya miƙe iska yake zuƙa, in ya noƙe ya fesar. Hodar nan in ta samu hanya ciki za ta bi, ta zauna inda tsumma ba ya kaiwa.

Wurin ɗorawa shi ne dukan aikin. Cire hula, ka zura robar ta gaba, ka kai ta daidai tsagar da ke tsakanin zoben zum da jikin gilashin da ba ya juyawa kuma ba ya miƙewa. Rabin faɗinta a kan zobe, rabi a kan jiki. Robar ba hancin take riƙewa ba, zoben take hana murzuwa, zobe kuwa in ya tsaya hanci ya tsaya. In duka ta hau kan zobe, tare za su juya, ba ta yi komai ba. Ka kula kada ta hau zoben fokas. A wasu gilasai, musamman masu sauƙin kuɗi, zoben fokas juyawa yake da kansa in kyamara na neman saiti, in roba ta danne shi ɗan injin ciki ne zai sha wuya har ya ƙone ko haƙoransa su cinye. In zoben biyu maƙwabta ne ba sarari a tsakani, ka koma ta ɗaya gefen zoben zum ɗin. Kada kuma ta rufe maɓallan gefe, ko layin da ke nuna maka lambar da kake kai.

Daɗin robar shi ne kai ke yanke yawan tsaurin. In ka tura mafi yawanta kan jiki, ka bar siririn baki a kan zobe, zoben zai juya da ɗan nauyi amma ba zai tafi da kansa ba, haka nake barin ta in ina yawon ɗauka. In na kafa ƙafa-uku zan yi aikin awanni, sai in daidaita ta rabi da rabi, in sake gwajin ƙirga talatin da ƙwanƙwasa. In na shiga wurin da nake buƙatar saurin murzawa, kamar filin hawan Sallah da doki ke tahowa a guje, sai in mirgina ta gaba ɗaya kan jikin gilashi ta zauna can kamar awarwaro har in sake bukatarta.

Awarwaron roba na hannu, irin wanda ake rabawa lokacin kamfen ko taron makaranta, shi ma yana yi, kuma ya fi tiyub tsabta don ba ya barin baƙi a yatsa. Siriri ne dai, kuma girmansa kusan ɗaya, in gilashinka ƙarami ne zai yi masa yawa. Ana kuma sayar da faffaɗar roba da aka yi musamman don wannan aiki, in ka samu ka saya, aikinsu ɗaya da na mai faci. Wadda ban yarda da ita ba ita ce robar ɗaure kuɗi. A zafinmu makonni kaɗan take yi ta narke ta yi danƙo, ta manne a cikin zanen zobe, ko ta tsinke rana tsaka ana cikin aiki. Ko na tiyub ɗin ma ina dubawa, in na ja na ga ya fara tsattsagewa sai in jefar in ɗauko wani, shi ya sa nake yanka da yawa.

Asabar ta gaba na koma zauren da robata. Na ƙara abu biyu, kuma ina ba duk mai aikin takardu shawararsu. Na ajiye rula a gefen baƙin yadin yadda za ta fito a kowane hoto, in wani abu ya motsa lambobinta za su faɗa mini nan take. Sannan duk ganye goma sai in tashi in duba hoton ƙarshe, in ga kusurwa huɗu, in ga lambar milimita. Baffa ya ce in riƙa nuna masa shi ma, haka muka yi har littafin ya ƙare.

Salatif na da wurinsa, wato aikin da zum ba zai motsa ba sam daga farko har ƙarshe: bidiyon girki da kyamara ke rataye a saman tukunya, ko ɗaukar kayan sayarwa ɗaya bayan ɗaya, ko hotuna ɗaruruwa da za a haɗa su zama bidiyon tafiyar gajimare. Ɗan guntu mai tsawon yatsa ya isa, rabi a zobe rabi a jiki, ka naɗe bakinsa ɗaya don ka samu abin kamawa wajen cirewa. Amma ba kowane salatif ba. Na yadi da masu ɗaukar fim ke liƙe wayoyi da shi, wanda suke kira gafa, shi ne daidai, don yana ɗagowa ba ya barin gam. In babu, na takarda irin na masu fenti. Baƙin salatif na masu wayarin da farin nan na liƙe kwali, in rana ta taɓa su gam ɗinsu narkewa yake ya bi tsaga. Kowanne ka sa, ka cire a ranar. Wasu kan liƙa siririn salatif a jikin bututun da ke shiga yana fita don ya ƙara matsi. Yana aiki na ɗan lokaci, amma ranar da bakinsa ya ɗago, cikin gilashin zai naɗe, ni ba na yi.

To ina 'yar sakatar da aka rubuta wa LOCK? Ka san iyakarta. Nikon 18-200 na farko, na 2005, ba shi da ita, masu hoto suka yi ta kuka da sulalewa, da aka sake fito da shi a 2009 sai aka sa masa. Canon 24-105 f/4 ma sai a fitowa ta biyu, a 2016, ya samu. Amma a duka biyun a wuri ɗaya take kamawa, inda gilashin ya noƙe gaba ɗaya, 18 a wancan, 24 a wannan. Ta tafiya ce, don kada hanci ya zuro kana rataye da kyamara a wuya ya bugi ƙofar mota ko kan yaro a cikin taro. Wannan ma ba ƙaramin amfani ba ne, don bugu a miƙaƙƙen hanci shi ke fasa tayoyin ciki, kuma a lokacin hunturu duk fita da shigar banza ƙura ce kake zuƙa. Sai dai ba za ta riƙe maka 50 ko 100 ba. Kuma ka saba wa yatsanka buɗe ta kafin ka murza, don murza zobe da ƙarfi sakata na kulle karya ta yake.

Manyan gilasai an fi yi musu tanadi, don nauyinsu ya kai kilo ɗaya da rabi zuwa biyu. Canon 100-400 na 1998, wanda turawa ake a ja maimakon murzawa, yana da zobe na musamman mai rubutun SMOOTH da TIGHT, kai ke ɗaure shi yadda kake so, na 2014 ma an bar masa shi. Sigma 150-600 sakatarsa na kamawa a kan lambobin da aka rubuta a jiki. Tamron 150-600 G2 na 2016 kuwa zoben zum ɗin kake turawa gaba ya kulle a duk inda kake. In naka tsohon mai turawa ne da ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, ka sa robar a jikin bututu daidai bakin hannun da ke zamewa, ta zama tokari. Akwai kuma waɗanda ba sa miƙewa sam, komai a ciki yake motsi, irin 70-200 f/2.8 na kyamarori masu madubi da Sony 200-600. Su da wuya ka ji an yi kuka da su.

Kallon sama ya fi kifawa ban haushi, don dabarar kaiwa ƙarshen hanya ba ta aiki: kai kana son gilashi a miƙe, nauyi na son ya noƙe. Mu kuma a nan, Kano na wajen digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, daren sha huɗu wata kan hau can ƙololuwa da tsakar dare, wani lokaci kusan tsakar ka. A milimita 300 faɗin watan a kan farantin cikin kyamara da hoto ke sauka a kai bai cika milimita uku ba, in gilashi ya noƙe zuwa 200 ka yi asarar kashi ɗaya cikin uku na wannan ɗan abin. Ko dai ka ɗaure da roba, ko ka ɗauke shi bayan magariba yana ƙasa-ƙasa, kyamara na kallon gaba. In taurari kake ɗauka, ka bar idon kyamara a buɗe daƙiƙa 20 ko 30, hoton da kansa zai gaya maka mai laifi. In taurarin duk sun ja layi sun nufi gefe guda, juyawar duniya ce. In sun yi ƙugiya-ƙugiya, girgiza ce. In kuwa na tsakiya na nan ɗigo, na gefe sun ja layi suna nuna tsakiya kamar sifokin keke, zum ne ya motsa.

Wani lokaci kuma tambayar ita ce ko dole ne a kifa kyamarar. Mai ɗaukar atamfa da shadda don tallan WhatsApp ya rataye su a bango, kyamara ta kalli gaba, magana ta ƙare. Takardar da ba ta tsufa ba a jingina ta a kan allo a ɗan kishingiɗe, a karkata kyamara ta fuskance ta sosai, nauyin da ke jan hanci ya ragu. Tsohuwar takarda mai karyewa, da abinci a faranti, da kayan lefe a shimfiɗe, su kam sai daga sama. In irin wannan ne aikinka kullum, ka tara kuɗi ka sayi gilashi maras zum. Canon 50 f/1.8 STM nauyinsa gram 160 ne kacal, sauran kamfanoni ma suna da irinsa, yana cikin mafi arha a kasuwa, kuma rubutu ya fi fita tas da shi har kusurwa.

Abin da nake roƙon ka kada ka yi shi ne ka kunce gilashin da kanka don ka ga wani ya yi a YouTube. Ƙusoshin da ke ƙarƙashin robar zobe ba na ɗaure tsauri ba ne, wasunsu su ke riƙe da tayoyin, wasu na kusa da siraran wayoyi masu kama da leda da ke kai saƙo ga kyamara. Garin neman gira a rasa ido. Kada ka ɗiga mai kowane iri, santsi zai ƙara kuma ya malala kan gilasan ciki. Kada gam ya kusanci tsaga.

In gwajin nan na biyu ya nuna hanci na wasa zobe na tsaye, ko zum na cijewa a wani wuri, ko gefe ɗaya na hoto ya fi ɗaya dishi, roba ba za ta yi magani ba, taya ce ta cinye ko ƙusa ta kwance, kuma ci gaba da murzawa ƙara ɓarna yake. Nemi wanda gyaran gilashin kyamara ne sana'arsa, ba mai gyaran waya ba. Ka tambaye shi tun kafin ya buɗe ko yana da tayoyin wannan samfurin, da irin giris ɗin da zai sa, da kuɗin aikin, ka auna da kuɗin wani gilashin na hannu. In za ka karɓa, ka je da kyamararka, ka kifa a gabansa ka ƙirga talatin, sannan ka ɗauki hoton jarida a liƙe a bango ka duba kusurwa huɗu. Gwajin nan dai shi za ka yi a shago ranar da za ka sayi ɗan gwanjo. In sulalewa ce kawai, hoto na fita tas, hanci ba ya girgiɗi, ka nuna wa mai shagon a rage maka kuɗi, ka biya, ka biya ta wurin mai faci a hanyar gida.